Ɗaliban Janairu na Madam Hamsatu

Duk yaron da aka kawo ajin Madam Hamsatu, kafin ta tambayi sunansa sai ta juya bangon kayensa, wato littafin rubutunsa, ta duba hatimin makarantar da ya baro.

Shekara goma sha ɗaya tana riƙe da ajin ƙarshe a wata lakwal, makarantar firamare, a unguwar Kirkissoye, ajin zana da ba a kafa shi sai an yanke kara. Bayan kwata akwai wata lakwal ta siminti, wadda kowace shekara ɗalibanta ke cin jarrabawa kaf, har a yabi diraktanta. Na Hamsatu kuwa rabi ma da ƙyar. Sufeton makarantu ya riga ya faɗa mata cewa in bana ma haka ne, za a karɓe ajin.

Abin da ta lura da shi ƙarami ne. Kowane Janairu, gab da rufe rajistar masu jarrabawa, sai a kawo mata sababbin yara bakwai ko takwas, hatimi iri ɗaya, na lakwal ɗin simintin nan, kuma ba mai iya karanta layi biyu a cikinsu.

Ta sami nata diraktan, Mushe Boubacar, kamar yadda ake kiran malami namiji a lakwal, yana shan shayi.

"Mushe, waɗannan yaran ƙaura iyayensu suka yi?"

"Haba Madam, ni mai unguwa ne?"

"Na ga gidajensu sun fi kusa da can."

"Yaro ya zo neman ilimi, mu kore shi? Koyar kawai."

Ya ci gaba da kaɗa cokali. An dai san matarsa ƙanwar diraktan lakwal ɗin simintin ce.

Hamsatu ba ta kori ko ɗaya ba, har ƙarin darasi take yi musu ran Laraba da yamma. Amma ta rubuta sunayen na shekara uku, ashirin da uku, ta fara bin gidajensu bayan la'asar. A gidan wata mai tuyar ƙosai, Madina, uwar ɗaya daga cikin yaran, matar ta ce, "An ce mana ajin can ya cika. Mu me muka sani, Madam?"

Gida sha tara ta shiga, ta ji magana ɗaya. Ta yi niyyar kai wa sufeto takardar sunayen in ta gama.

A watan Maris takardar canjin wurin aiki ta iso, zuwa wani ƙauye mai nisa a hanyar Say. Wanda ya nemi a canja ta, ba a faɗa ba. Ta tafi ranar Litinin, saura gida huɗu ba ta shiga ba.