Tabar da Baba ya aiko daga arewa

Shekaranjiya ina zaune a tashar Damagaram ina jiran motar Tanut, sai wani ƙamshi ya bugi hancina har na saki ƙullin kayana. Wani mai tumbi ne cikin farar mota, ya sauke gilashi, yana zuƙar taba mai kauri launin ƙasa, irin wadda Nasara suke kira sigar. Yana zuƙa yana waya yana tofar da yawu, ko kallon abin da ke hannunsa ba ya yi. Na ce a raina, bawan Allah, ba ka san abin da kake ƙonawa ba. Sau ɗaya tak na taɓa jin wannan ƙamshi, ina 'yar shekara tara, amma ban yi shakkarsa ba ko kaɗan.

Ka yi haƙuri da ni, labarin tsohuwa ba ya sauri. A wani ƙaramin ƙauye cikin kwarin Tarka aka haife ni, kuma abin da zan faɗa maka ya faru ne 'yan shekaru bayan an sami 'yancin kai. Kakana, mahaifin babana, manomin taba ne. Yana da garka kewaye da ƙaya, da gajeriyar rijiya a tsakiya, da wani babban gawo a gefe. Idan an gama girbin gero kowa ya miƙe ƙafa, shi a lokacin aikinsa yake farawa: yafa iri, dashe, ban ruwa safe da yamma. Furen ya ba mata su goge haƙora da goro, ganyen kuwa a rataye shi a inuwar rumfa, daga baya a jibge a rufe da tsumma har ya yi gumi ya canza launi. Ran kasuwa Buzaye da Fulani sukan ɗaure raƙuma da jakuna a ƙofar gidanmu, don sun ce tabarsa ba ta yaudara. Duk wanda ya tashi a gidan nan ya san ganye da hannunsa, har ni. Na san cewa idan ka bar ganyen taba a fili da bazara, daga hantsi zuwa azahar, ka taɓa shi sai ya zama gari.

Ni da kakana kuwa ba a shiga tsakaninmu. Amarya yake kirana, yana cewa ya yi asarar sadaki don ko fura ban iya damawa ba. Ni kuma in ce wa zai auri tsoho mai haƙori uku, ukun ma jajaye. Kakata ta rasu tun ban yi wayo ba, saboda haka ni nake kai masa tuwo, ni nake cinye rabinsa.

Babana shi ne ɗansa na fari, ni kuma ni kaɗai babana ya haifa. Ku 'yan yanzu sai an yi muku bayani: a wancan zamani mutum ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya yabonsa, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Kunya ce, kuma da ita ake auna mutumci. Idan kakana zai yi maganar babana sai ya ce “wancan”, ko “yaron nan”. Ban taɓa damuwa ba, tunda haka na ga kowane gida.

Wata shekara gero bai yi ba, babana ya bi manyan motocin da ke hawa arewa, ya wuce Agadas har ƙasar Aljeriya, inda aka ce Nasara suna ɗaukar leburori. Bayan wata bakwai wani direba ya tsaya a ƙauyenmu da saƙo. Innata ta sami turmin atamfa, ni na sami 'yan kunne, gida ya sami shayi da sukari. Daga ƙarshe direban ya zaro wani ɗan bututun ƙarfe mai murfi, tsawonsa kamar tafin hannu, ya durƙusa ya miƙa wa kakana. Ya ce wannan ɗanka ya ce a damƙa maka hannu da hannu, tabar manyan Nasara ce, daga bayan teku ake kawo ta. Mutane suka matso suna leƙe. Kakana ko buɗewa bai yi ba. Ya juya abin sau ɗaya, ya ce shi da ke noma taba za a aiko wa taba, ya cusa shi cikin ciyawar rufin zaure kamar wanda aka ba tsinke. Aka yi dariya, har da ni. Bayan kwana biyu na duba wurin ban gan shi ba, na ɗauka ya ba wani Buzu.

Damina biyu ta wuce. Ranar da labari ya zo, sanyi ake yi, ina garka tare da shi yana ban ruwa. Wani dogarin kumandan, mai mulkin yankinmu, ya zo daga Tanut a kan raƙumi, tare da limaminmu. Suka tsaya a bakin shinge, liman ya yi sallama da wata irin murya, ya faɗa. Motar da babana ya hau zai dawo gida ta kife a cikin sahara, can aka yi masa sutura, can aka binne shi. Na kurma ihu na faɗi cikin laka. Kakana ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ya tsaya da guga a hannu. Sa'an nan, wallahi ina kallo da idona, ya juya ya ƙarasa ba wa kwamin da ya fara ruwa, ya rataye gugan a inda yake rataye shi kullum, kafin ya bi su gida.

A zaman makoki ma haka. Ana yi masa ta'aziyya yana amsawa kamar maƙwabci ne ya mutu. Idonsa a bushe. Ran sadakar uku da yamma ya koma garka, wai dashe ba ya jira. Dattawa suna ta yabonsa, suna cewa ga namiji, ga mai tawakkali. Ni kuwa na tsane shi. Ba zan ɓoye maka ba, tsana ce sosai, irin ta yaro, wadda ba ta da sauƙi. Na daina gaishe shi. In na kai tuwo sai in dangwarar in juya. Sau ɗaya ya gwada, ya ce amarya yau kuma yaji aka yi ne? Na dube shi ido cikin ido na ce ni ba amaryarsa ba ce. Bai sake ba.

Innata ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Kowa ya san abin da zai biyo baya: in ta fita, 'yan'uwanta za su zo su mai da ita gidansu a Belbeji, ni kuma in zauna, don ɗa na gidan ubansa ne. Maganar kakana ce kaɗai za ta iya sauya wannan, shi kuwa bai ce uffan ba. Innata ba ta roƙe shi ba, surukarsa ce, ko ɗaga ido ba ta yi a gabansa. Sai dai in tana yi mini kitso in ji ɗigon hawaye a wuyana. Ni kullum lissafina ɗaya ne, za a raba ni da uwata a bar ni da tsohon da bai yi wa ubana kuka ba.

Kawuna ya iso da jakuna biyu a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ba ya taka rairayi da rana. Washegari za su tafi. Bayan la'asar kakana ya leƙo ya ce in biyo shi garka. Na bi shi ina jan ƙafa. An riga an cire taba, sai kututture da busasshiyar ƙasa. Muka zauna ƙarƙashin gawo, ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ƙulli na tsumma mai danshi. Ya warware, sai ga ganyen tabarsa, cikin ganyen kuma ga bututun nan na ƙarfe. Ya buɗe murfin, ya zazzago sigar ɗin a tafina, ya ce in matsa.

Na matsa. Ya lotsa a hankali ya dawo, da laushi kamar jemammiyar fata. Ko tsagewa bai yi ba.

Na ce maka ni 'yar gidan taba ce. Ba sai an yi mini bayani ba. Bazara uku ke nan da zuwan abin nan ƙasarmu ta Damargu, inda ganye ba ya kai azahar. Ba yadda za a yi ya zauna haka sai in akwai wanda yake kula da shi kowace rana ta Allah. Na ɗaga kai na dube shi. Ya kawar da fuska ya ce a gindin randar ɗakinsa yake binne shi cikin rairayi, kowace safiya ya yayyafa ruwa, ya sake tsumma, kada ya bushe kada kuma ya yi fumfuna. Yadda ya faɗe shi kamar yana koya mini aiki ne.

Ya yanke kan da aska, ya hura ɗan garwashi, ya riƙe bakin sigar ɗin kusa da wutar yana juya shi, bai bari ya taɓa ba, har gefen ya yi baƙi ko'ina daidai. Sa'an nan ya ja. Bai haɗiye hayaƙin ba, ya bar shi a baki, ya lumshe ido, ya sake shi a hankali. Hayaƙi ne mai nauyi, fari da shuɗi-shuɗi, ba ya saurin watsewa. Ƙamshinsa na farko kamar ƙasa ran ruwan fari, daga baya wani abu ya biyo kamar gyaɗa a kasko. Tokar ta yi tsawo fara fat ba ta faɗi ba, shi kuma bai kakkaɓe ta ba.

Da ya buɗe baki, maganar taba ya yi. Ya ce ganye iri uku ne a ciki, na tsakiya mai ƙarfi, da wanda ya ɗaure shi, da na waje mai santsi wanda a inuwa ya girma. Ya ce ƙasar da ta ba da wannan ba ta san ƙishirwa ba, kuma an bar ganyen ya kwanta shekaru kafin a naɗe. Ya ce da farko yaji ne a maƙogwaro, yanzu ya kwanta ya koma ɗaci irin na goro, mai barin zaƙi a baya. Duk wanda ya naɗe shi, in ji shi, ba ya cikin sauri. Ya sake ja.

“Yaron nan ya san taba,” ya ce. “Ni na koya masa. Cewa na yi sai ya dawo in kunna, yana zaune can nesa yana satar kallona, in ce masa ba ta kai tawa ba.” Ya dubi abin da ke hannunsa. “Ta fi tawa, amarya. Nesa ba kusa ba.”

Daga nan ya kira sunan babana. Sau ɗaya, ƙasa-ƙasa, kamar mai gwada ko bakinsa zai iya. Tunda nake ban taɓa jin sunan daga bakinsa ba. Hawaye suka gangaro cikin gemunsa, bai share ba, ya ce hayaƙi ne. Na faɗa jikinsa ina kuka, ina cewa ba inda za ni, ni da shi zan zauna, zan koyi dama fura, zan riƙa ja masa guga. Da gaske nake yi, har cikin raina.

Ya bar ni na yi mai isata. Ya sha sigar ɗin har ya kusa ƙona masa yatsa, ya haƙa rami da hannu ya rufe guntun. Sa'an nan ya ce gobe zan bi uwata. Na ce ban yarda ba. Ya ce, “Ke kaɗai kika rage mini daga gare shi, na sani. Amma na ɗanɗana zama ɗanka yana nesa. Ba zan ɗora wa yarinyar nan, uwarki, abin da ni da gemuna na kasa ɗauka ba.”

Da safe shi ya ɗora ni a kan jaki da hannunsa. Ya ce wa kawuna a kula masa da amarya, kada a aurar masa da ita bai sani ba. Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi. Bai raka mu ba, ya ce yana da aiki a garka, garkar da babu komai a cikinta. Sau biyu na sake ganinsa, duka a lokacin Sallah, kafin ciwon ƙirji ya ɗauke shi.

Yau babu mai noma taba a ƙauyen nan, rijiyar ma ta rufta. Likita ya ce taba kisa take yi, kuma ban musa ba, na hana 'ya'yana ko kusantarta. Kunyar ɗan fari ita ma ta tafi. Ina ganin iyaye a tasha suna rungume 'ya'yansu, suna kiran sunansu da ƙarfi a waya, ban ce laifi ba ne, wataƙila ma ya fi sauƙi ga zuciya. Mu dai mun tashi a hannun mutanen da sai ka duba aikin hannunsu kafin ka san abin da ke ransu, ni kuwa bakinsa na tsaya saurare. Na yi jikoki, na ga 'ya'yan jikoki, an yi mini laifi iri-iri na yafe. Abin da na kasa yafewa nawa ne: wata huɗu da kwana goma ina gida ɗaya da tsohon nan, yana cikin makokin ɗansa shi kaɗai, ban ce masa ina kwana ba.