Geron Malam Isuhu a Bakin Tafki

Mun bar Daura bayan sallar asuba, ni da ƙanen matata a kan babur ɗinsa, na rungume ƙullin gero. Sanyi ya fara sassautawa, amma bai daina cizon kunne ba. A Sandamu muka tsaya shan kunu da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance kamar ƙwayar magani, da na yi magana mai suyar ta ce in je in tambayi masu wake. Daga nan muka saki kwalta muka bi rairayi, inda tafiyata a ƙasa ta fi zamana a babur yawa.

Tafkin da muka nufa, aminina marigayi Malam Isuhu ne ya nuna mini shi. Tare muka yi karatun allo. Duk ƙarshen hunturu, lokacin da abinci ke yi wa tsuntsaye wuya, yakan kai gero ya watsa a gindin wata tsamiya da ke bakin ruwan, ya ce sadakarsa ke nan. Sai mu zauna shiru muna kallo, yana rubuta sunayensu da ajami a gefen takardun darasinsa. Bara, yana jinyar ajali, ya roƙe ni kada in bari abin ya yanke.

Da hantsi muka isa. Zalɓe na tsaye cikin ruwa kamar mai jiran liman, kirinjijiya garke guda suna ta fito, balbelu na bin shanu a ƙetare. Na yi wa Malam addu'a, na nufi tsamiyar.

Sai na tarar wani ya riga ni watsa gero. Na fara murna, amma geron jajir yake, yana wari. Bayan tsamiyar ga kirinjijiya huɗu da kurciyoyi a kwance. Wani magidanci ya fito daga gonar albasa da buhu yana tsince su.

Na ce, "Bawan Allah, me ka sa a geron nan?"

Ya ce, "Maganin feshi ne, Malam, ɗan kaɗan. Ai nan suka saba sauka. Wani malami ne ya sabar musu, Allah ya ji ƙansa, ya rage mana wahala."

Na ce masa mushe yake kai wa Musulmi kasuwa, ga guba a ciki, ga shanu na shan ruwan.

"Haba Malam, wanda na tarar da sauran rai ai da bisimilla nake yankawa."

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba, ni da ake ce wa sanyin hali ya yi mini yawa. Shekaru Malam Isuhu ya yi yana koya wa tsuntsaye cewa gindin tsamiyar nan aminci ne, yau da wannan amincin ake kashe su, har ana sa masa albarka a kai. Mutumin ya saɓa buhunsa ya tafi. Muka share jan geron muka binne, muka je wurin limamin ƙauyen da ke kusa. Ya yi alkawarin zai yi magana ranar Juma'a. Allah ya sa ya cika.

Nawa geron ban watsa ba. In na watsa, ni ne zan kira su zuwa ga guba. Da la'asar muka shigo Daura da ƙullin yadda na fita da shi.

Abin da na koyo shi ne, wanda ya sabar wa halitta amincewa da mutane ya ɗauki nauyin tsaronta. Malam, na saɓa alkawarinka a bana, ka yafe mini. Gara su manta da tsamiyarka su rayu.