Daminar da Na Yi a Gindin Tsamiyar Shamuwa

Shekarun baya, ina gama jami'a, na samu sitaj, wato aikin koyo na ɗan lokaci, a wani ƙaramin biro, ofis ke nan, a nan Maraɗi, wanda aikinsa wayar da kan jama'a game da namun daji da tsuntsaye. Kafin in taka ƙofar wurin na riga na gama tsara komai a kaina. Ni littattafan soyayya na kasuwa ne suka raine ni. Tun ina kolej nake karɓo hayarsu wurin wani mai tebur a babbar kasuwa, in cusa su cikin littafin lissafi don kada a gani a gida. Saboda haka da na ji an ce namun daji, sai na hango kaina cikin kat-kat, motar shiga daji, mayafina yana kaɗawa, giwaye suna ratsa hanya, wani dogon saurayi mai sanyin murya yana buɗe mini ƙofa. Mahaifiyata ta ce ita dai ba ta taɓa jin giwa ta biya wa kowa sadaki ba, in je in dawo da ƙafafuna biyu.

Abin da na tarar ɗakuna biyu ne, da fanka mai ƙara, da kwalaye cike da hotunan dabbobi, da jumel guda ɗaya, wato madubin hangen nesa, wanda shef, shugaban biron, yake kullewa a durowa kamar zinariya. Mu biyu aka ɗauka. Abokin aikina ɗan Jiratawa ne. Ba dogo ba ne, muryarsa kuma ba ta da sanyi ko kaɗan, don ya saba magana a kan ƙarar injin ban ruwa a gonar mahaifinsa. Amma yana da moto, wato babur, kuma in ya yi dariya idanunsa rufewa suke yi gaba ɗaya. Tun ranar farko shef bai ɓoye mana ba. Ya ce idan damina ta ƙare mutum ɗaya za a riƙe, ɗayan a ba shi takardar shaida a yi masa godiya.

Aikin namu shi ne mu shiga lakwal-lakwal, wato makarantun boko, mu nuna wa yara hotuna, sannan mu kwashe su, ko wasu baƙi da suka zo gari, mu kai su garin Tsibiri su ga shamuwa da idonsu. Can akwai gidan wata tsohuwa mai wata ƙatuwar tsamiya a tsakar gida. Kowace shekara, kafin ruwan farko ya sauka, shamuwa suna zuwa su cika ta da sheƙa. Tsohuwar tana cikin mutanen da har yanzu suke riƙe da al'adun kakanninsu, kuma a wurinta shamuwa baƙi ne da suka sauka gidan tun zamanin kakan mijinta. Tana da dokokinta. Ba jifa, ba ihu, kuma sai ka gaida mutanen gida kafin ka ɗaga kai sama.

Akwai doka ta huɗu da ba wanda ya gaya mana. Zuwanmu na farko, abokina ya miƙa yatsa sama ya fara ƙirga 'ya'yan da ke leƙowa daga sheƙa. Bai kai uku ba ta kai masa ludayi a bayan hannu.

"Kai, angona, uwarka ta taɓa jera ku gaban mutane ta ƙidaya ku?"

Ya ce a'a, Kaka.

"To ɗiyan baƙona ma ba a ƙidaya su. Baki yana kama su."

Muka yi mata bayani cewa shef yana buƙatar adadin a cikin rapor, wato rahoton aiki, don a san ko tsuntsayen suna ƙaruwa ko suna raguwa. Ta kalle mu, sannan ta ce abin da ke cikin cikin mutum nasa ne, ita baki ne ba ta yarda da shi ba, kuma kada ta ji shi a cikin gidanta. Haka muka shirya. Ni ina ƙirgawa a zuci. Shi kuma, da yake mantuwa gare shi, sai ya cika aljihu ɗaya da tsakuwa yana mayar da su ɗayan aljihun. Ba ma furta komai sai mun bar gari mun hau kwalta, sannan ya juyo da kai ya faɗi nasa da ƙarfi saboda iska, in faɗi nawa, mu yi ta gardama har Maraɗi.

Wannan hanyar ita ce ta cinye ni. Ina zaune a baya, kwalin hotuna a tsakaninmu, gero kore shar dama da hagu, hadari yana haɗuwa ta gabas. Shi yana ba ni labarin tsadar taki da tsutsar da ke cin tumatir, ni kuma ina sauraron kowace kalma ina neman wata ma'ana a ƙarƙashinta. A littattafan da na karanta, saurayi turare yake kawowa, ko zobe a cikin ƙaramin akwati. Nawa ɗaurin zogale ya kawo daga Jiratawa, ya ce in kai wa Inna. Na rungume zogalen nan har gida kamar furanni. Mahaifiyata ta kalle ni, ta kalli zogalen, ta ce wannan yaron ya san abin da ake ci, in ɗauko mata ƙuli-ƙuli. Tsohuwar Tsibiri ma ba ta taimaka ba. Duk zuwanmu sai ta ce in daina zama kusa da angonta, ta ga take-takena. Shi ya yi dariya ya wuce, ni kuma in ɗauki maganar in yi ta juya ta kwana da kwanaki.

Ban san lokacin da aikin kansa ya shiga raina ba. Na iya tsayar da yara a ƙofar gida in sa samarin su ajiye danƙonsu a cikin ƙwarya kafin su shiga. Na iya sa su yi shiru ba tare da na daka tsawa ba. Kusan kowane yaro jumel ɗin a juye yake fara riƙewa, ya ce Madam tsuntsun ya gudu nesa. In na gyara masa, sai in ga bakinsa ya buɗe a hankali. Akwai wata yarinya da ta ga uwa tana zuba wa ɗanta abinci a baki, ta sauke jumel ɗin ta ce mini ashe su ma suna da uwa. Manoma kuwa, in na ce musu shamuwa fara take ci a gonakinsu, sai su ce sun sani tun kafin a haife ni, amma su zauna su saurara, su ƙara mini da nasu. Na fara tashi da safe ina ɗokin tafiya. Na fara jin tsoron ƙarshen damina.

Da gero ya fara nuna, 'ya'yan shamuwa suka fara gwada fiffike, sai aka ce baƙi za su zo daga Yamai, cikin masu tallafa wa biron. Shef ya raba mana aiki. Abokina zai yi musu bayani a biro da safe, ni zan jagorance su a gindin tsamiya. Bai ce jarrabawa ce ba, amma har mai gadi ya san ita ce.

Komai ya tafi daidai da farko. Na sa su sun gaida tsohuwa, ta sa aka kawo musu fura, ta koma tabarmarta tana ɓarar gyaɗa. Na yi bayanin zuwan shamuwa da tafiyarta, suna gyaɗa kai, shef yana murmushi. Can sai wani dattijo mai gilashi a cikinsu, mutum mai fara'a, ya tambaye ni da Faransanci 'ya'ya nawa aka ƙyanƙyashe a bishiyar bana.

Na san amsar. Tana kan harshena. Amma na ji ƙarar ɓarar gyaɗa ta tsaya a bayana. Faransanci kuma ba zai rufa mini asiri ba, don a ƙasar nan ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba ta san lambobi da Faransanci, da su ake ba da lambar waya. Na juya, muka haɗa ido. Ba harara ta yi mini ba, kallona kawai take yi. Matar da na sha furarta damina guda.

Na ce, "Alhamdu lillahi, bana sun yi albarka."

Dattijon ya yi murmushi, ya maimaita tambayar a hankali, yana zaton ban gane ba. Na ce suna da dama. Shef ya kalli takalminsa.

Na san abin da za ku ce. Me ya hana in ce masa, ranka ya daɗe, a gidan nan ba a faɗin adadi, bari mu fita in gaya maka? Wallahi wannan maganar mai sauƙi ba ta zo mini ba sai da na isa gida na cire takalmi. A lokacin kaina babu komai sai idon tsohuwa da gilashin dattijo.

Da suka fita wajen mota, ina ciki ina tattara kofuna, abokina ya faɗa musu adadin, ya kuma ba su labarin ludayi da tsakuwa. Ina jin dariyarsu ta bayan katanga. Labarin ya burge su ƙwarai. An gaya mini ya ce da su ni ce na fi riƙe dokar, har ya leƙo yana nemana, amma na ƙi fitowa, don idanuna sun riga sun cika. Tsohuwa ta ce me ya sa na yi tsuru-tsuru kamar wadda aka kama da kazar mutane, in zauna in shanye sauran furar kada ta yi tsami. Ba ta yaba mini ba, ba ta kuma yi zancen ba.

Shi aka riƙe. Shef ya ce mini ina da hannun yara, amma mai karɓar baƙi ba ya barin baƙo tsaye da tambaya a hannu. Ban ga rashin adalci a maganarsa ba, har yau ban gani ba.

Ranar ƙarshe abokina ya ce zai kai ni gida. Duk hanyar ina jira. A littafi, nan ne saurayi yake tsayar da moto a gefen titi, ya ce ya fasa aikin, ko ya ce rayuwarsa ba ta da amfani in babu ni. Har amsar da zan bayar na tanada, da irin sunkuyar da kan da zan yi. Muka shiga unguwarmu, Zariya, ya tsaya a ƙofar gidanmu, bai ko kashe moton ba.

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Wallahi kin fi ni iya yara."

Na ce ba komai, rabonsa ne.

Ya ce in gaida Inna, ya juya ya tafi.

Na daɗe ina zaton shi nake kewa. Na yi kukan da ya kamata, na karanta littattafan da suka ƙara mini kukan. Daga baya na samu koyarwa a wata lakwal, rayuwa ta ci gaba, fuskarsa ma ta fara dushewa. Abin da bai dushe ba shi ne sanyin gindin tsamiyar nan, da ƙarar bakin shamuwa a sama, da shirun da yara suke yi idan suka ga abu a karon farko. Ashe wurin nake so in zauna, shi kuwa hanyar zuwa ce kawai na ɗora wa soyayya. Wani lokaci ina cewa da na faɗi lambar da yanzu ina can. Wani lokaci kuma in ce da na faɗa, da wane ido zan sake shiga gidan. Ban taɓa raba wannan gardamar ba, na dai daina yin ta kullum.

Daminar bara na je Tsibiri bikin suna, a kan kabu-kabu. Na riga na ji cewa tsohuwar ta rasu. Muna karya kwana na hango kan tsamiyar ta saman katangu, baƙi ƙirin da tsuntsaye. A ƙofar gidan ga yara a layi cikin kayan lakwal, wata budurwa da ban sani ba tana tsaye gabansu da jumel rataye a wuya, tana ɗaga hannu su yi shiru. Ban san na dafa kafaɗar mai kabu-kabun ba sai da ya rage gudu.

"Hajiya, a tsaya ne?"

Na ce a'a, mu je. Amma kada ya yi sauri.