Don Nicanor, Jagoran Baƙi a Potosi

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina sayar da api, kunun jar masarar nan tamu mai zafi, a bakin kasuwa daura da cocin San Lorenzo. A cikinsu, shekara goma sha uku cur Don Nicanor Huarachi yana kawo mini baƙi kowace safiya da ƙarfe goma. Kwampadire muke kiran juna da kwamadire, domin ni na riƙe 'yarsa Delfina a hannu ranar da aka yi mata baftisma. Saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba a gari na ji shi ba.

A Dutse ya fara, wato babban tsaunin ma'adinai da ke saman garinmu, kamar ubansa da kakansa. Yana da shekara goma sha biyar ya shiga rami, ya yi shekara ashirin da uku yana fasa dutse yana fito da kuza da ɗan abin da ya rage na azurfa. Sai tari ya kama shi, irin busasshen tarin da kowace matar mahaƙi ta sani tun daga nesa. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa sama ya duba, ya ce ƙura ta riga ta yi gida a huhunsa, in ya koma ciki to ya yi sallama da iyalinsa tun daga bakin rami. Matarsa Rufina ta ɓoye masa takalman aiki, ta ce ko da sama da ƙasa za su haɗu ba za ta fito da su ba.

Wata huɗu ya yi yana zaune a kan bencina ba aikin komai. Ran nan wasu Turawa mata biyu suka tsaya da taswira a hannu suna juya ta, gidan da ake buga kuɗin azurfa a zamanin da suke nema. Ya tashi ya ce bari ya raka su zuwa kwanar farko kawai. Sai bayan awa huɗu na gan su sun dawo, matan suna haki suna dariya, shi kuma bakinsa bai rufu ba.

"Kwamadire," in ji shi, "ashe akwai mutanen da ke ƙetaro teku don su ji abin da kakata ke faɗa mana a banza a gindin murhu!"

Daga nan ya kama. Karatunsa bai wuce aji uku ba, don haka Delfina ce ke karanta masa littattafan tarihinta na makaranta da yamma, yana saurare yana tauna ganyen koka irin na mahaƙa. Sauran kuma ya tsinto su wurin tsofaffin masu share coci-coci. Bai taɓa jin Ingilishi ko Faransanci ba yadda za a ce ya ji, amma ƙirga da shekaru da 'yan kalmomi sun zauna masa daram, domin tambayoyin baƙi kullum iri ɗaya ne: wace shekara aka gina, mutum nawa suka mutu.

Tafiyarsa daga babban dandali take farawa, ta bi lungunan da ke da barandar katako, ta biyo ta wurina, sannan ta hau har kasuwar mahaƙa a gindin Dutse. A ƙofar San Lorenzo ya fi daɗewa. Yakan tsayar da su gaban sassaƙen dutsen nan ya ce, "Ku dubi fuskokin matan nan da kyau. Waɗanda suka zo daga teku ne suka ba da umarni, amma hannun namu ne ya sassaƙa, shi ya sa kuke ganin hancin Donya Basilia a jikin coci." Sai ya nuno ni. Ni kuma in ɗaga ludayi in ce ya bari in gama sallamar mutane zai ga hanci. Kullum sai mun yi wannan, kullum kuma sai baƙi sun yi dariya, har waɗanda ba su ji abin da aka ce ba.

Akwai abin da baƙi ba su taɓa ganewa ba. A kowace kwana mai hawa sai ya tsaya ya nuna musu wata taga ko wani tsohon ƙyaure, ya ce su ɗauki hoto ba sauri ake ba. Numfashi yake tarawa. Shekara ta farko tsayawa uku yake yi tsakanin wurina da kasuwar mahaƙa. Shekarar da Rufina ta rasu, ya gaya mini da bakinsa sun zama goma sha ɗaya.

Sai aka fito da doka cewa ba mai jan baƙi a gari sai mai takarda, takardar kuma sai an ci jarrabawa a rubuce. Sau biyu ya zauna. Na biyun ya dawo ya ce mini ya san amsar kowace tambaya, amma kafin ya gama zana haruffan ta uku aka ce a ajiye alƙalami. A wannan zaman ne kuma Delfina, wadda ta gama karatun harsuna, ta fito ta ɗaya. Wani kamfanin yawon buɗe ido ya ɗauke ta nan take. Ya yi murna ta gaskiya, ya sa aka gasa nama, ya bi unguwa yana nuna takardarta gida-gida. Washegari da ƙarfe goma ya zo ya zauna a bencina shi kaɗai, ya riƙe kofin api ɗaya har ya huce a hannunsa.

Bayan 'yan makonni Delfina ta zo mini da hantsi, ta ja ni bayan tukunya.

"Madirina," ta ce, wato uwar baftisma, haka take kirana tun tana ƙarama, "mai kamfaninmu ya kawo shawara. Ya ce Papi ya riƙa zama a nan da hular kwanonsa da fitilarsa, in na kawo baƙi ya yi musu magana minti biyar, su ɗauki hoto da tsohon mahaƙi na gaske."

"Uban naki za ki jera wa mutane kamar kayan kasuwa?"

"To me zan yi? A gida bango yake kallo. Ke kaɗai yake jin maganarki." Sai idonta ya kawo ruwa. Ta ce ta koma wurin likita ita kaɗai da sabon hoton ƙirjinsa, ya ce mata shekara ɗaya ce, in an yi sa'a biyu. Ta roƙe ni kada in bari ya sani.

Ni na lallashe shi, wannan laifin nawa ne. Da farko ya ce shi ba gunki ba ne. Na ce masa yarinyar sabuwa ce a aiki, in ya ƙi zai ba ta kunya a gaban mai kamfaninsu. Can ya ce, "In don Delfina ce, kawo hular."

Haka aka yi wata biyar. Da ƙarfe goma za ta iso da ayarinta, riƙe da 'yar tutar kamfani, ya miƙe ya cire hula ya gaishe su. Zai fara magana, ita tana juyawa da Ingilishi. Yakan yi dogon zance a kan abokansa na rami, ita kuma ta faɗi kalma huɗu ta duba agogo, domin akwai wurare tara a gabanta kafin abincin rana. Bai taɓa yi mata ƙorafi ba. Ni yake ce wa, "Yarinyar nan tana tace ni kamar yadda kike tace gasara."

Ranar da abin ya faru Talata ce, cikin watan sanyi. A cikin baƙin akwai wani dattijo mai farin gemu da ɗan littafi a hannu, mutum mai ladabi, har da hannu biyu ya gaisa da Don Nicanor. Da aka gama hoto sai ya matsa kusa da Delfina ya yi mata tambaya ƙasa-ƙasa. Ta waiga ta dubi ubanta, ta ga yana gyara igiyar fitila, sai ta amsa masa a hankali. Ni ban ji ko kalma ɗaya ba. Hannun Don Nicanor kawai na gani ya tsaya a kan igiyar. Dattijon ya rubuta wani abu a littafinsa, ya dafa kafaɗar Don Nicanor, suka wuce.

Sai da suka sha kwana ya cire hular ya ɗora a cinya.

"Tambayarta ya yi shekara nawa irinmu ke yi a duniya," in ji shi. "Ta ce arba'in da biyar. Ta ce ni hamsin da biyu. Wannan duk na sani. Sai kuma na ji ta ce likita. Ta ce shekara ɗaya, ko biyu."

Na ci gaba da juya tukunya.

"Kwamadire, ke ma kin sani?"

Ban iya ɗaga kai ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi 'yar dariya wadda ta koma tari.

"Ke nan mutumin da ya zo daga wata duniya ya rubuta ranata a littafinsa kafin ni in ji." Ya share baki. "Kada ki gaya mata na gane. Ba da mugunta ta yi ba. An tambaye ta, ta amsa daidai, ni na koya mata kada ta yi wa baƙo ƙarya."

Washegari bai zo ba. Ya ce wa Delfina sanyin benci ne ke shiga masa ƙirji. Ta ba mai kamfani haƙuri, aka samo wani tsohon mahaƙi aka zaunar a wata kwana.

Ranar Lahadi bayan an fito daga coci ya ce mata yana so ta bi shi yawo, ita ce baƙuwa shi ne jagora, daga dandali har gindin Dutse. Na rufe tukunya na bi su a baya. Ranar bai yi maganar sarakuna ko shekarun gini ba. Ya nuna mata ƙofar da ya fara ganin uwarta tana shanya kaya. Ya nuna mata gidan da aka kawo gawar kakanta a kan ƙyaure, da lungun da shi da abokansa bakwai suke haɗuwa kafin su hau aiki, ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi inda aka binne kowanne. Delfina tana cewa, "Papi, mu huta," yana cewa saura kaɗan. Ba mu kai rabin hawan ba ƙafafunsa suka ƙi. Ya zauna a kan dakalin wani gida, leɓɓansa sun yi shuɗi, yana kallon sauran hanyar da ta miƙe sama. Sai da muka tsayar da mota ta mai da shi gida.

Bayan mako uku Delfina ta kai shi Kochabamba wurin ƙanwarsa, domin can kwari ne, ba kan tsauni ba kamar garinmu, iska ta fi kauri, likita ya ce zai ɗan samu sauƙin numfashi. Mutumin da bai taɓa kwana goma a wajen Potosi ba. Ya samu sauƙin kuwa. Yakan bugo mini waya ranar Lahadi.

"Kwamadire, a nan iska kamar miya, sha kawai kake yi. Ga 'ya'yan itatuwa har a bakin titi."

"To ai ka huta ke nan, kwampadire."

"Na huta. Sai dai ba wanda ke tambayata komai. Jiya na fita na ɓata, wata mata ce ta nuna mini hanyar gida."

Wata bakwai ya yi a can. Ya rasu cikin damina, da rana tsaka, yana zaune a tsakar gidan ƙanwarsa. A can aka binne shi, domin hanya ta lalace da ruwa, ɗauko gawa ya gagara. Ni ban samu zuwa ba saboda gwiwoyina. Labarin ya iske ni da mutane a tsaye suna jira, na gama zuba musu sannan na zauna.

Delfina tana nan tana aikinta, an ce babu jagorar da ta kai ta a garin. Bayan an yi addu'ar cika shekara ta zo wurina ita kaɗai, ba tuta ba baƙi, ta zauna ta yi ta murza yatsunta.

"Madirina, in tambaye ki. Me ya sa Papi ya daina zuwa nan rana ɗaya? Ranar Talata yana lafiya, Laraba ya ce ba zai ƙara ba. Wani ya faɗa masa wata magana ne?"

"Sanyi ne," na ce. "Kin san yadda watan nan yake."

Ta zuba mini ido har na ji kamar in tashi in bar mata wurin. Ban sani ba ko ta yarda, ban kuma tambaya ba. Can ta sunkuyar da kai ta ce in zuba mata ɗaya, kada in sa sukari da yawa.