Kan Mutumin Ƙarfe a Gwangwanin Madara

Bari in fara tona wa kaina asiri kafin wani ya tona min. Ni ne dattijon da ya bar gona ana tsaka da yankan dawa, ya tafi Rano neman abin wasan yara. Gemu fari fat, jikoki cike da gida. Mai dariya ya yi, ni ma na yi.

Ga dalili. Muna samari aka kawo talabijin ɗakin kallo na Rano. Daga Unguwar Gai muke zuwa ni da aminina a keke ɗaya, ni tuƙi, shi surutu. Akwai wani shiri na mutanen da ke yawo cikin taurari a jirgi, da wani mutumin ƙarfe mai yi musu hidima. Ba mai jin Turanci a ɗakin, har shi aminin nawa, amma shi ne tafinta. Bature na buɗe baki sai ya ce, "Cewa ya yi a juya jirgi, an manto tukunyar tuwo." Tun lokacin muke musu guda: shi ya ce mutumin ƙarfen yana da baki, ni na ce ramuka ne irin na rediyo. Yanzu ciwon suga ya cinye masa idanu. Da wani direba ya ba mu labarin ɗan gwanjon da ke sayar da jirgin da mutanensa na roba a kasuwar Rano, sai aminina ya ce, "Sayo min shi in shafa fuskarsa, a kashe maganar nan kafin ɗayanmu ya riga."

Mun tashi da asuba ni da ladanin masallacinmu, zai kai wake kasuwa. Ce masa na yi lauje zan sayo. Ɗan acaɓa ya goya mu da buhun, kowane rami sai ya gaisa da shi. A Kibiya muka karya da koko da ƙosai, ƙosan da ya ƙanƙance har ya koma kamar 'ya'yan kanya, kuɗinsa ne kawai ke girma. Daga nan muka hau a-kori-kura, mu da awaki da wata Bafulatana mai rungume da ƙwaryar nono kamar jaririya. Duk bishiyar da muka wuce an liƙa mata hoton ɗan takara yana murmushi, har kukar da muke tsayawa mu buga wa keke iska a da.

Duwatsun Rano suka bayyana, muka sauka. Na leƙa ɗakin kallon. Taki ake sayarwa a ciki. Tagar da muke ɗarewa in ba mu da kuɗin shiga tana nan, amma yau ko an ɗaga ni ba zan hau ba.

Na sulale na bar ladan wajen masu awo, na lalubo ɗan gwanjon a bayan 'yan tireda. Ga jirgin a kan tabarma, mai faɗi kamar faifai, fentinsa ya koɗe. Ga mutanen jirgin a jere. Amma ba mai kai ko ɗaya a cikinsu.

"Malam, wa ya yi musu wannan aika-aika?"

"Ni ne, Baba. Da aka ƙaddamar da Shari'a wani malami ya ce min in dai an cire kai, to ba gunki ba ne. Sai na sa wuƙa."

"To ina kawunan?"

Ya waiga hagu da dama, ya jawo gwangwanin madara daga ƙasan tebur, ya girgiza. "Kai daban ake saye. In ka je gida, kai da Allahnka."

Na tona da yatsa har na ciro kan mutumin ƙarfen. Jama'a, yana da baki. Ɗan siriri kamar tsagar asusu, amma baki ne. Duk shekarun nan ashe ni ne makahon.

Na riƙe shi a tafin hannu ina lissafi. Ni ne mai sahun gaba. Gida cike da yara, abin da ya shiga aljihuna da safe kafin azahar labarinsa yana bakin rijiya. A ce an ga kan mutum-mutumi a ɗakina, gobe a ce tsohon nan tsafi yake. Ina cikin haka na ji sallama a bayana. Ladan ne.

"Alhaji, nan ake sayar da laujen?"

Kan ya koma gwangwani, ban ma san lokacin da na sake shi ba. Na ce jirgi nake taya wa jikana. Jirgi ba shi da rai, ladan da kansa ya taya ni ciniki. Na sayi lauje kuma, alhali ga biyu a gida.

A hanyar dawowa ban ga rami ba, ban ga ɗan takara ba. Abin da tafiyar ta koya min shi ne, yaron da ya hau taga bai ji tsoron sandar mai gadi ba, shi ne ya tsufa yana tsoron sallama.

Bayan la'asar na sami aminina a zaurensa, na ɗora masa jirgin a cinya. Ya bi shi da yatsu, gefe da gefe, yana murmushi. "A juya jirgi," in ji shi, "an manto tukunyar tuwo." Muka yi dariya har tari ya sarƙe mu. Sannan ya miƙo hannu.

"Ina mutumin?"

Na ba shi labari duka, ban rage ba. Na ce, "Ka ci musu. Yana da baki, da idona na gani."

Ya daɗe yana shafa jirgin. Sai ya ce, "Da ni ne mai idon, da kan zan sayo maka, ko da liman ne a tsaye."