Ƙara Ja Kaɗan

A bencin tasha, kusa da wani tsohon tela mai jiran mota, wata mata ce zaune da kwamfuta a cinya da waya a hannu. Ƙafarta sai kaɗawa take yi. Tana rubuta lamba, ta taɓa wayar, hoton wani dattijo ya fito, ta yi tsaki, ta goge, ta sake.

Tela yana leƙe. Shekara arba'in yana haɗa zare da yadi, launi ba ya ɓoye masa.

"'Yata, wannan bawan Allah jinya yake yi? Ya yi fari kamar toka."

"Lafiyarsa ƙalau ranar da aka ɗauki hoton, Baba. Manhajar da nake haɗawa ce. Tsofaffin hotuna take gyarawa, amma duk baƙin mutum sai ta zuƙe masa jini. Mahaifina ne. Hotonsa ke nan da ya rage, kuma yau zan nuna wa Inna."

Tela bai tambayi inda mahaifin yake ba. Ya ji amsar a muryarta.

"Ƙara ja. Kaɗan fa, kada ki cika hannu."

Ta canza lamba ɗaya. Ta kara bayan hannunta a jikin wayar, tana gwada fata da fata. Direba na kiran fasinja, mutane na rububin shiga, ita ko motsi. Ƙafar ma ta tsaya cak.

"Abba," in ji ta a hankali, "sannu da zuwa."