Tattakin Neman Keken Ɗinki, Daga Tsafe Zuwa Bungudu

Litinin: Tsafe zuwa Kwatarkwashi

Na bar gida ƙarfe shida saura kwata, ana fitowa daga sallar Asuba. A kafaɗata akwai buhu ɗauke da tabarma, buta, garin kwaki da ƙuli-ƙuli. A jikina kuwa farar riga ce mai hoton Onarabul Ruwan-Dare, ɗan siyasar Bungudu da aka ba sabon muƙami, an rubuta mata a baya: Tattakin Ƙauna.

Gara in faɗa muku gaskiya tun da wuri, ƙaunar ta keken ɗinki ce. Ni tela ne. Kekena ya tsaya cak saura sati uku Sallah, ga yadukan mutane jibge a ɗaki. Mai gyara ya ce dubu takwas, su ne kuwa duk abin da na mallaka. Sai na ji a rediyo an ba wani mai tattaki babur, na ce ina ni ina gyaran tsoho ana rabon sabbi? Na buga riga dubu biyar, na riƙe dubu uku guzuri.

Matata Hajara ta rako ni zaure. "Malam Sani, keke na ɗaki, mai gyara na bakin kasuwa. Mi kaka nema Bungudu?"

"Ke ba ki san siyasa ba."

"Awo. Allah shi kiyaye hanya."

Ƙarfe tara da minti ashirin na iso shingen jami'an tsaro na farko. Jami'in ya dubi rigata, ya dubi silifas ɗina, ya tambaya ko shi Onarabul ya san ina tafe. Na ce zai ji a gari. Ya zura hannu cikin garin kwakina, ya ce kada in sauka daga kwalta, kada La'asar ta wuce ina hanya. Daga nan na daina waƙar da nake yi, don kowa ya san hanyar nan, kuma tsoro ya kama ni sosai.

Doka biyu ce a tattaki: ba a shiga mota, kuma dole a ɗauke ka hoto. Wayata ƙarama ce mai tocila, sai na riƙa roƙon masu babbar waya su ɗauke ni su watsa. Wani mai rake ya ɗauka, amma rakensa ya fi ni fitowa.

Na shiga Kwatarkwashi biyar saura minti ashirin, kimanin kilomita talatin, ƙafafuna sun yi suntum. Wani dattijo mai shayi a gindin dutsen garin ya yarda in shimfiɗa tabarma a rumfarsa, bayan mai unguwa ya yi mini tambayoyi har da sunan kakana. Shayi ba madara ɗari biyu, rabin burodi ɗari uku. Sauro ne kaɗai suka yi mini tarbar da na yi tsammani.

Talata: Kwatarkwashi zuwa Gusau

Na tashi shida da rabi. Wajen sha ɗaya, gab da Damba, wata tsohuwar Golf mai fasasshen gilashi ta tsaya kusa da ni. A baya, tsakanin buhunan gawayi, wani baƙin mutum mai furfura ne zaune cikin koɗaɗɗiyar jallabiya.

"Malam, shigo mu rage maka hanya," in ji shi.

Na nuna masa ƙirjina. "Ba ka ga wanda nika yi wa tattaki ba?"

Ya ƙura wa hoton ido. "Kun san juna da shi?"

"Ko cikin duhu na gan shi ina gane shi."

"To mi kaka so shi ba ka in ka isa?"

A daidai nan na ga direban ya ɗaga babbar waya yana ɗauka. Abin da na kwana biyu ina nema ke nan. Na gyara tsayuwa, na ɗaga murya yadda ake yi a rediyo. "Ni? Wallahi tallahi ko allura ba ni karɓa! Ƙauna ta tsantsa. Da ƙahwa niz zo, wallahi da ƙahwa za ni koma!"

Mutumin ya ce, "Madalla da kai." Suka ja mota, na bi su da kallon tausayi, ina cewa a raina talaka bai san dabarar duniya ba.

Na isa Tudun Wada biyu da kwata. Shinkafa da wake ba nama ɗari bakwai. Na sami barandar wani shago da aka rufe, mai gadi ya ce in kwanta amma in tashi kafin mai shi ya zo. Shagon da ke kusa na teloli ne, kekuna huɗu suna ta ruri da ɗinkin Sallah. Na zauna ina sauraronsu, na tuna yadukan da na bari a ɗaki, raina ya ɓaci har garin kwakin ya ƙi shiga.

Laraba: Gusau zuwa Bungudu

Kilomita ashirin ne da 'yan kai, amma sun ci mini awa bakwai, don igiyar silifas ta tsinke sau biyu, na ɗaure ta da leda. Ɗaya da rabi na iso ƙofar gidan Onarabul, na tarar ashe ba ni kaɗai Allah ya ba wannan basira ba. Masu tattaki huɗu sun riga ni, kowa da rigarsa, kowa yana ɗingishin da ya fi na ɗan'uwansa. A gefen rumfa an jera babur ɗaya, buhunan taki, da keken ɗinki sabo fil a kwalinsa. Na gaishe da keken kafin in gaishe da mutane.

Bayan La'asar maroƙa suka ɓarke, Onarabul ya fito cikin babbar riga. Na dubi fuskarsa, na dubi ƙirjina, na sake dubansa. Mutumin Golf ne. Ashe haka manya suke bin hanyar nan yanzu, cikin gawayi, don kada a san su. Hoton rigata kuwa tun yana saurayi aka ɗauka, mai buga fosta ya ƙara masa fari.

Aka fara rabo. Babur ya tafi. Keken ɗinki aka ba wani manomi daga Kekun Waje, wanda na ji yana tambayar na kusa da shi nawa ake sayensa. Sannan Onarabul ya sa aka kunna wayar direbansa a lasifika, muryata ta cika filin tana rantsuwa.

"Jama'a, kun ji masoyi na gaskiya," in ji shi. "Kowa da abin da yak kawo shi, wanga ko allura bai so."

Aka yi kabbara, aka yi tafi. Ya kama hannuna aka ɗauke mu hoto. Na sunkuya na ce a hankali, "Ranka shi daɗe, ai magana ta irin ta hanya."

"Ka rantse, Malam. Ba ni sa ka kaffara."

Ban taɓa jin kunya da takaici sun haɗu mini irin na ranar ba, ga shi dole in yi murmushi saboda masu hoto.

Alhamis: komawa

Na kwana a benci a tashar Bungudu. Da safe na taka da ƙafa har na ɓace wa idon gari, sannan na tsayar da motar albasa. Direban ya karanta bayan rigata ya ce, "Tattakin ya ƙare?" Na ce tattakin ya hau mota. Ya karɓi dubu ɗayan da ta rage mini bayan abincin Laraba, na hau kan buhunan albasa ina lissafin azumin kaffara.

Sha ɗaya da minti goma na sauka Tsafe. Tun daga zaure na ji ƙarar keke. Hajara ce a kai, tana haɗa hannun rigar wani. Mai gyara ya zo tun Talata, aikin bai kai awa ɗaya ba. Na leƙa akurki, zakarunta biyu da take kiwo don miyar Sallah ba sa nan. Ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ina godiya ga Allah da ya dawo da ni lafiya, da dattijo mai shayi, da mai gadin Tudun Wada, da direban albasa. Godiyar Hajara kuwa na fara, ta katse ni ba tare da ta ɗaga kai ba.

"Sannu da hanya. Tuɓe rigar ka ba ni, keken na son tsumman goge mai."

Na tuɓe na miƙa mata, ta sa almakashi daidai kan hular Onarabul, ta tashi ta ba ni kujerar.